Gemun Kwaɗo a Gindin Bishiya: Yadda Ake Rufe Ƙasar Inuwa da Ciyawar Fadama

Kusan duk gidan da ke da bishiyar inuwa a Wudil, in ka duba gindinta za ka tarar da ƙasa tsirara. Kullum da safe ana bin wurin da tsintsiya, kullum tsintsiyar na tafiya da ɗan abin da ya rage na ƙasar sama, har a wayi gari saiwoyin darbejiya ko na mangwaro sun fito fili suna sa yara tuntuɓe. Da rani ƙura, a watan Agusta taɓo da santsi. Masu hali kan shafe wurin da siminti su huta da shara, amma bishiyar ce ke ɗanɗana kuɗarta, domin ruwan sama ya daina ratsawa zuwa saiwarta, ga zafin da simintin ke riƙewa har bayan isha'i. Wasu kuma kan dasa kiri-kiri. Ita kuwa kiri-kiri 'yar rana ce. In aka sa ta a inuwa sai ta yi tsawo ta sirance, ta koɗe, kafin shekara ta zagayo ta ƙare.

Alhali akwai wata ciyawa tamu ta gida da za ta iya wannan aiki, wadda manoman bakin kogi ke cirewa suna zubarwa kullum, wato gemun kwaɗo. Ba a sayensa, ba ya tsoron ƙasa mai riƙe ruwa, yana jure inuwar da ba ta yi duhu ba, kuma in ya kama wuri yakan haɗe ya yi kore shar. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma wanda bai cika su ba zai jawo wa gidansa aikin da ya fi na shara. Sharaɗi na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ka tabbata gemun kwaɗon ka ɗebo, ba jiji ba.

Dangin aya

Gemun kwaɗo ba dangin kiri-kiri ko harkiya ko gamba ba ne. Ɗan uwan aya ne. Gane wannan dangi ba wuya: tsinko karan da ke ɗauke da fure ka murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Karan ciyawa ta sosai zai mirgina sumul, kuma za ka ga gaɓoɓi a jikinsa. Na dangin aya ba ya mirginawa da daɗi, domin kusurwa uku gare shi, ba shi da gaɓa, ganyensa kuma yana fitowa ta fuska uku daga gindi. A duniya irin wannan dangi sun haura 5,000. A Amurka da Turai masu lambun gida sun daɗe da gano amfanin wani reshe nasu da masana ke kira Carex, suna dasa shi a gindin itatuwa inda ciyawar fili ke kasawa. Amma waɗancan tsire-tsiren ƙasashen sanyi ne. Wanda ya yi odar irinsu ya kawo Wudil, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya gama da su. Dabarar ce abin ɗauka, tsiron kuwa muna da namu.

Namu da aka fi sani su ne aya, da jiji wanda wasu ke kira aya-aya, da kajiji, da gemun kwaɗo. Aya ta gona ce, rana take so, wata uku zuwa huɗu ta bushe a tone ta. Ita ce manoman yankin Maraɗi ke nomawa da yawa, ita ce kuma mutanen Balansiya a ƙasar Sifen ke yin irin kunun ayarsu da ita. Kajiji, wanda mata ke neman saiwarsa don turaren wuta, dogo ne, karansa ma zagayayye ne saɓanin 'yan uwansa, kuma cikin ruwa da rana yake rayuwa. Duka biyun ba su dace da wannan aiki ba.

Jiji kuwa annoba ne. A 1977 wani masanin ciyayi ɗan Amurka, LeRoy Holm, da abokan aikinsa suka fitar da littafi kan ciyayin da suka fi addabar noma a duniya, suka sa jiji a lamba ta ɗaya, saboda ya zame wa manoma alaƙaƙai a ƙasashe sama da 90. Mai lambun albasa ko tumatir a bakin kogin Wudil ba ya bukatar littafi ya gaya masa haka. Ka nome shi yau, jibi ya leƙo. Dalili kuwa yana ƙarƙashin ƙasa: 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe masu tauri, a jere a jikin wani siririn zare mai ƙarfi, kowace ƙwaya tana iya kwanciya shiru ta jira, in aka tsinke zaren sai ta farka ta tsiro. Ƙwaya ɗaya da ta biyo ka gida cikin ƙasar fadama ta isa ta cika maka tsakar gida.

Saboda haka kada ka dogara da ganye. Ganyen jiji da na gemun kwaɗo suna kama, musamman suna ƙanana. Abu biyu za ka duba, kai da saiwa.

Kan gemun kwaɗo ɗan dunƙule ne guda, bai kai girman ƙwayar wake ba ko daidai da ita, fari ko kore, yana zaune daram a saman kara, da dogayen ganye uku ko huɗu sun baje a ƙarƙashinsa. Kan jiji a buɗe yake, da 'yan rassa da suka warwatsu, launinsu ja-ja mai duhu. Na aya ma a buɗe yake, amma ruwan ɗorawa. Don haka ne ya fi kyau ka je ɗiba lokacin da ciyawar ta fitar da kai.

Sannan ka sa fartanya ka ɗago dunƙulen ƙasa, ka kai bakin ruwa ka wanke. In gemun kwaɗo ne na kirki, za ka ga saiwa mai rarrafe kwance dab da saman ƙasa, kaurinta kamar na tsinken ashana ko ta ɗan fi, da 'yan ɓawo ja-ja a jikinta, karare suna tasowa daga kanta a jere, ɗaya kusa da ɗaya. Ka karya ta da farce ka sansana, za ka ji ɗan ƙamshi. Babu ƙwaya ko ɗaya. In ka ga ƙwaya, ko wani kumburi mai tauri a ƙarshen zare, ka jefar ka matsa gaba, kada ka tsaya tantama.

Akwai wani rabewar kuma a cikin gemun kwaɗon kansa. Masana sun daɗe suna kiran wannan reshe Kyllinga, kuma iri-iri ne. Wani yakan tsiro a dunƙule wuri guda, saiwarsa gashi-gashi ce kawai, ba ta rarrafe. Wannan ɗan damina ne, yana zuba iri ya mutu da ɗaukewar ruwa. Ba shi kake nema ba. Mai saiwa mai rarrafe shi ne mai shekara da shekaru, shi ne kuma mai haɗewa ya rufe ƙasa. Sunan ma yakan bambanta daga gari zuwa gari, wani wurin duk wata gajeriyar ciyawar fadama mai siririn ganye gemun kwaɗo ake ce mata. In za ka tambayi manomi, ka nuna masa tsiron a hannu tare da saiwarsa.

Inda ake samu da yadda ake ɗiba

Wudil ta yi sa'ar ruwa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso garin, su wuce ta ƙarƙashin gada su nufi Ringim da Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya zama mai ruwa har da rani, gefensa kuma ba ya rabuwa da danshi. Irin wannan wuri ne gidan gemun kwaɗo: bakin hanyar ruwa a lambu, kan kunyar shinkafa, gefen kududdufi, har da bakin famfon unguwa inda ruwa ke zuba kullum. Ba sai ka yi nisa ba.

Shawarata ita ce ka nemi wanda ya riga ya saba da inuwa. Lambunan bakin kogi ba sa rasa mangwaro ko gwaiba a gefe, kuma sau da yawa hanyar ruwa kan bi ta gindinsu. Gemun kwaɗon da ka tarar yana kore a nan ya riga ya nuna maka zai iya zama a gidanka. Akwai kuma riba ta biyu: jiji ba ya son inuwa, don haka ya fi ƙaranci a irin wannan wuri.

Ka yi sallama ga mai lambu kafin ka sa fartanya a gonarsa. "Baba, barka da aiki. Don Allah ko za ka bar ni in ɗebi wannan ciyawar ta bakin ruwa?" Da wuya ya hana. Abin da ka fi ji shi ne, "Ɗana, kwashe ta duka in za ka iya." Amma kada ka kwashe duka, kuma kada ka farke masa bangon hanyar ruwa, don ciyawar ce ke riƙe shi. Ka yanki faifai-faifai masu faɗin taƙi ɗaya da kaurin yatsu uku, nan ɗaya can ɗaya, ka cike ramin da ƙasa. Ka sa su a buhu mai danshi, ka rufe daga rana. In wurin akwai kwantaccen ruwa, ka sa dogon takalmin roba, domin a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, yara ma kada a bar su su shiga.

Lokacin ɗiba shi ne daga Yuli zuwa tsakiyar Agusta, sa'ad da damina ta zauna. Ruwan shekara a wannan yanki bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Wanda ya dasa a Yuli, sama ce za ta yi masa ban-ruwa a makonnin da tsiron ya fi bukata. Wanda ya bari sai ƙarshen Satumba, da jarka zai yi renon.

Da ka isa gida kada ka yi gaggawar dasawa. Wannan mataki ne da mutane za su so su tsallake, ni kuwa ina ganin shi ne rabin aikin. Ka zuba ruwa a daro, ka wanke ƙasar fadamar tas daga jikin saiwoyin, kana bi da yatsa kana lalubo duk wata ƙwaya ko baƙuwar saiwa. Sannan ka yayyaga su gutsi-gutsi, kowane gutsure da saiwa mai tsawon ɗan yatsa da karare uku zuwa biyar. Ka jera su a tsohon daro mai huda ko buhun da aka shimfiɗa aka zuba wa yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a inuwa, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Ka ba su mako uku. In akwai jijin da ya ɓuya, a nan zai nuna kansa: ganyensa ya fi faɗi, ya fi duhu da sheƙi, ya fi saurin tashi. Ka tumɓuke shi da ƙwayarsa ka ƙone. Ruwan wankin da ƙasar da ta kwanta a gindin daron ma kada ka zubar a lambu.

Wace inuwa

Ba kowace inuwa ce ke karɓar ciyawa ba, kuma gara ka sani tun kafin ka wahala. Gemun kwaɗo yana jure inuwa, amma ba ya rayuwa a duhu. Ka tsaya a gindin bishiyar da azahar ka dubi ƙasa. In kana ganin rana tana ratsowa ɗigo-ɗigo, ko kuma wurin yana samun hantsi na awa biyu zuwa uku kafin inuwa ta rufe, to ya yi. In ƙasar baƙi ƙirin ce babu ɗigon haske ko ɗaya, kamar yadda ake gani a gindin tsohon mangwaro ko durumi ko ceɗiya, sai an rage rassan ƙasa an buɗe wa haske hanya, ko kuma a dasa daga gefen inuwar kawai, a bar cikin.

Darbejiya ce ta fi dacewa, kuma ita ce ta fi yawa a gidajenmu, ko da yake baƙuwa ce, daga Indiya ta fito, sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Ganyenta ƙanana ne, haske na ratsa su. Aibinta saiwa ce mai haɗama da ke shanye ruwan sama-sama, da kuma 'ya'yanta da ke zuba su tsiro da damina, sai an riƙa cire su. Gwaiba ma ta yi. Tsamiya kuwa an san ba abin da ke jin daɗin zama a gindinta, haka ma bishiyar turare, wadda ke busar da ƙasa ƙaƙas. Waɗannan biyun a bar su.

Mangwaro yana da tasa magana. Yana bukatar ƙishin ƙarshen shekara kafin ya yi fure da kyau. In aka cika shi da ruwa da taki daga Nuwamba zuwa Janairu, sai ya ɓige da sabon ganye, 'ya'ya su yi ƙaranci. Ciyawar kuwa ruwa take so a daidai wannan lokaci. Wanda mangwaron gidansa na cin 'ya'ya ne, ya rage ban-ruwa a waɗannan watanni, ya riƙa jiƙa saman ƙasa kawai, ya haƙura da ciyawar ta ɗan yi ja. Ba za ta mutu ba muddin saiwar ba ta bushe ƙurmus ba.

Sai kuma gini. In katangar gidanka ta ƙasa ce, ka bar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da wurin da za a riƙa jiƙawa kullum. Danshi na hawa gindin katanga ya cinye shi a hankali, kuma ba wata ciyawa da ta kai darajar katanga.

Shirin ƙasa da dashe

Da farko ka shata iyakar wurin ka kafa masa shinge a cikin ƙasa. Saiwar gemun kwaɗo ba ta nutsawa da zurfi, amma ba ta san iyaka ba. Ka haƙa ɗan rami zagaye da wurin ka jera bulo a tsaye, santimita 15 a cikin ƙasa, yatsu uku a waje, ka toshe tsakaninsu. Kada ka dasa shi kusa da fangalin alayyafo ko salak ko albasa, domin a can ciyawa ce kamar kowace ciyawa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa da ta samu danshi shekara-zagaye. Ita ba dangin aya ba ce, amma halin tsiron fadama ɗaya ne, in ya samu ruwa ba ya jiran izini.

Ƙasar gindin bishiya yawanci ta daddale saboda taku da shara. Ka jiƙa ta da yamma, washegari ka sassaƙe ta da fartanya sama-sama, zurfin yatsu huɗu. Ban da diga, ban da sare saiwar da ta kai kaurin babban yatsa. In ka ci karo da ita ka kewaye ta. Sannan ka baza haɗin yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, kaurin da bai wuce santimita 5 ba, ka gauraya da ƙasar wurin da manjagara. Fiye da haka yana toshe wa saiwar bishiya iska. Ka kuma bar fili kamu ɗaya zagaye da gangar jikin bishiyar, ba taki, ba ciyawa, ba ruwan da zai kwanta, don kada ɓawonta ya ruɓe.

Taki ba ya wuya a garin da ke da kara irin ta Wudil, inda shanu ke cika kasuwa kowace Juma'a. Amma ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa a cikinsa, yana kuma kiran gara. Ka nemi wanda ya shekara, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Na awaki da tumaki ma haka. Kashin kaji ɗanye yana ƙona ƙaramin dashe, a guje shi.

Ka yi dashen da la'asar ko ranar da hadari ya rufe. Ka huda rami da tsinke ko ɗan yatsa, ka kwantar da saiwar yadda ka same ta a fadama, a kwance, ƙasa ta rufe ta da kaurin yatsa ɗaya, kararen suna waje, ka danne da tafin hannu. Tazara taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, ta kowace fuska, kuma layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko. A wannan tazara murabba'in mita ɗaya yana cin gutsure 25. Wuri mai mita 3 a mita 4 zai ci 300. In adadin ya yi maka yawa, ka fara da rabin wurin. Baɗi daga naka za ka yanka ka ƙarasa, ba sai ka koma kogi ba. In ganyen ya yi tsawo ka datse rabinsa kafin dasawa. Ka shayar nan take da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa, don kada ƙarfin ruwa ya tone saiwar.

Makonni uku na farko ƙasar kada ta bushe ko sau ɗaya. Ka kuma kare wurin da ƙaya ko tsohuwar raga, saboda kaji. Akuya takan ɗan tsinka ta wuce, amma kaza tona take yi, kuma sabuwar ƙasa mai taki da danshi ita ce abin da ta fi so a duniya. Wuni guda ya ishe ta ta watsar da aikin mako. Ciyayin da za su tsiro a tsakani ka cire da hannu suna ƙanana. Maganin feshi mai kashe kowace ciyawa kada ya kusanci wurin.

Kada ka sa ran ganin ƙasa ta rufe kafin ƙarshen damina. A inuwa mai haske-haske hakan na iya faruwa. A mai kauri sai damina ta biyu.

Rani

A nan ne gizo ke saƙar. Gemun kwaɗo ɗan fadama ne, kuma daga Oktoba zuwa Mayu ba ruwan sama. Duk wanda ya ce maka ciyawar gida ce don haka ba ta bukatar ruwa, bai faɗa maka daidai ba. Da hunturu, ban-ruwa bayan kwana bibbiyu ya isa. Da bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ka ƙiyasta lita 4 zuwa 5 ga kowane murabba'in mita kullum. Wurin nan mai mita 3 a 4 zai sha lita 48 zuwa 60, kimanin jarka biyu ko biyu da ɗoriya ke nan ta lita 25. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya yi lissafin wannan kafin ya fara.

Amma gida yana zubar da ruwan da ya kai haka ba tare da an lura ba. Gida mai mutum goma, in kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar, lita 50 ke nan a wuni, kuma duk rariya take bi ta fita waje ta zama kwata. Ka mayar da wurin alwala gefen ciyawar: faffaɗan dutse ko bulo biyu na tsugunawa, da ɗan gangare da zai kai ruwan ciki, a riƙa matsar da shi lokaci-lokaci don kowane gefe ya samu. Ka ƙara da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, da ragowar ruwan randa da uwargida ke zubarwa in za ta wanke ta. Ruwan omo da na bilic da mai maiƙo ko gishiri kuwa, waɗannan su bi rariyarsu, domin suna ƙona ganye, suna kuma lalata ƙasa a hankali. A ganina gidan da ya tsara wannan shi ne gidan da ciyawar za ta daɗe a cikinsa, don ban-ruwan da ya dogara da a tuna a ɗauko jarka yakan tsaya ranar da maigida ya yi tafiya.

In ruwa ya yanke na ɗan lokaci ganyen ya bushe, kada ka yi saurin tumɓuke ciyawar. Ka tona gefe guda ka karya saiwar. In cikinta fari ne da danshi, tana da rai, za ta farfaɗo da an koma shayarwa. In an yi rashi gaba ɗaya, irin da ya zuba yakan tsiro da damina, sai dai jijin maƙwabta da sauran ciyayi ma za su zo neman wurin.

Yanka da shara

Ka riƙa yanke shi da lauje ko babban almakashi, ka bar tsawon yatsu huɗu. Da damina kusan duk mako biyu, da rani sau ɗaya a wata ya isa. Yankan na da amfani uku: yana sa shi ya haɗe, yana cire kawunan kafin iri ya nuna ya bazu inda ba a so, kuma yana kawar da abin da mutane suka fi tsoro, wato maciji da sauro. Maciji wurin ɓuya yake nema, ciyawar da ba ta rufe idon sawu ba kuwa ba ta ɓoye shi. Tarin bulo da itace da ke gefen katanga sun fi ta haɗari. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, don haka ka shayar yadda ƙasa za ta shanye cikin 'yan mintoci, in ka ga wani loko na tara ruwa ka cike shi da yashi.

Ganyen bishiya in ya taru yana kashe ciyawar, musamman na mangwaro mai faɗi da na darbejiya lokacin da take kakkaɓewa gabanin bazara. A share da tsintsiyar kwakwa a hankali, ko a kwashe da hannu, a tara a rami ya ruɓe ya dawo taki. Sau ɗaya a shekara, da farkon damina, ka barbaɗa ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, kaurin yatsa ɗaya. Ba ya bukatar takin zamani.

Gemun kwaɗo yana jure taku jefi-jefi, amma ba filin ƙwallo ba ne, ba kuma wurin shimfiɗa tabarma wuni guda ba. Inda ake zaman hira kullum, ka bar shi da yashi ko ka jera duwatsu, ciyawar ta zagaye shi. Hanyar da ake bi zuwa madafa ko banɗaki ma a jera mata matakai.

Ga lungun da ya yi duhu da yawa amma yana samun ruwa, kamar bakin rariya, akwai wani ɗan uwansa dogo da masu sayar da fulawa ke ajiyewa, mai kara kusan mita ɗaya da ganye a baje a samansa kamar lema. Asalinsa Afirka ne, ya fi gemun kwaɗo jure inuwa, kuma in ka yanke kansa da ɗan kara ka kifa a kofin ruwa, saiwa da sabon tsiro za su fito daga tsakiyar ganyen. Ba ya rufe ƙasa, tsayawa yake a dunƙule, amma yana cike gurbi. Inda kuwa duhu ne kuma babu ruwa, kada ka wahalar da kanka da kowace ciyawa: ka bar busasshen ganye kaurin yatsu uku ya rufe ƙasar, ko ka zuba tsakuwa.

Mai karatu, in kana da darbejiya a tsakar gida da wurin alwala kusa da ita, ka fara da murabba'in mita biyu a daminar bana, ka ga yadda zai ketare bazara a hannunka kafin ka faɗaɗa. In Agusta ta riga ta wuce ka, ka yi amfani da ranin wajen kafa bulo da tara taki, ka je ɗiba a Yulin baɗi.